Shagon Dukanci na 'Yan Amish a Lancaster: Jemammiyar Fata Ta Gamsar, Ɗanya Kuwa Sai An Duba

A gabashin gundumar Lancaster da ke jihar Pensilvaniya ta Amurka, tsakanin ƙauyukan Gordonville da Intercourse, akwai shagunan dukanci da dama waɗanda ba a ganinsu daga babban titi, sai an bi ƙaramar hanya an shiga cikin gonaki. Wanda nake son yin bayani a kansa yana cikin harabar gidan mai shi, kusa da bargar dawaki, kuma duk tallar da yake da ita bai wuce wani ƙaramin allo da aka rubuta da fenti a bakin hanya ba, mai cewa ana ɗinka kayan doki ana kuma gyarawa, ba a ciniki ranar Lahadi. A can na sayi ragama da bel na jemammiyar fata, da daurin tsirkiyar ɗanyar fata, da guduma mai kan ɗanyar fata, da gajeriyar bulala saƙaƙƙiya. Hukuncina a kansu bai zo ɗaya ba. Abin da aka ɗinka da jemammiyar fata ya kai a yi tafiya dominsa, amma kayan ɗanyar fata, waɗanda su ne suka fi jan idon baƙo, sun rabu gida biyu, kuma mai saye yana bukatar ya san wanne ne wanne kafin ya zaro kuɗinsa.

Ba za a fahimci ingancin shagon ba sai an san dalilin da ya sa yake raye a ƙasar da mota ta kori doki tun kusan shekara ɗari da suka wuce. Mutanen Amish Kiristoci ne da suka samo asali daga masu aƙidar yin baftisma bayan girma, wadda ta ɓullo a birnin Zurich na Suwizalan a shekarar 1525. A 1693 suka ɓalle suka zama rukuni na daban a ƙarƙashin jagorancin Jakob Ammann, sannan a ƙarni na 18 suka fara ƙaura zuwa Pensilvaniya domin neman ƙasar noma da 'yancin addini. Yau yawansu ya haura 400,000 a Amurka da Kanada, fiye da 40,000 daga ciki suna zaune a yankin Lancaster, kuma adadin yana ninkawa kusan duk shekara ashirin saboda yawan haihuwa da kuma yadda akasarin 'ya'yansu ke zaɓar zama cikin al'umma. Kowace unguwar ibada, wadda ba ta cika wuce gidaje talatin zuwa arba'in ba, tana da ƙa'idojinta da ake kira Ordnung, kuma a ƙa'idar masu tsohon tsari ba a mallakar mota, ba a jawo wutar lantarki ta gwamnati zuwa gida, ba a kuma shiga gona da tarakta a yi huɗa. Saboda haka kowane gida yana da doki mai jan keke, manoma kuma suna da manyan dawaki irin na Beljiyam da Percheron, ko alfadarai, waɗanda manoman Lancaster suka fi so. Duk waɗannan dabbobi suna bukatar ragama da linzami da majayi da igiyoyin ja, kuma mai ɗinka su maƙwabci ne da za a haɗu da shi a wurin ibadar da suke yi duk bayan mako biyu. Wannan shi ne ainihin abin da ke tsare ingancin aikin. Idan igiyar ja ta tsinke a kan titin da motoci ke gudu alhali iyali guda suna cikin keken, babu wanda zai yi wahalar gano wanda ya ɗinka ta.

Shagon kansa ɗaki ne dogo mai manyan tagogi, domin hasken rana shi ne fitila ta farko, sai kuma fitilun batir da ake cajinsu da sola. Mutane da yawa suna zaton komai da hannu ake yi, amma ba haka abin yake ba. Akwai manyan kekunan ɗinkin fata, wasu tsofaffi ƙwarai, da injin yanka fata tsiri-tsiri, da injin rage kauri, kuma dukkansu injin dizal da ke wani ɗan ɗaki a waje ne ke ba su ƙarfi, wasu ta hanyar iskar da kwamfaresa ta matse, wasu ta hanyar doguwar sandar ƙarfe mai juyawa wadda aka haɗa da injunan da bel. Ƙa'idarsu ba ta hana inji ba, abin da ta hana shi ne wayar da za ta ɗaure gida da wutar duniyar waje tare da duk abin da ke biyo ta. Wanda ya zo neman abin da allura da basilla kaɗai suka ɗinka zai ji an ɗan rage masa hanzari. A ganina wannan ba aibi ba ne, domin ɗinkin inji mai kyau a kan fata mai kauri ya fi ɗinkin hannu na gaggawa, kuma badukun yana komawa ga basilla da allura biyu a wuraren da ƙafar inji ba ta shiga, kamar gindin ƙarfen ɗauri da inda zobe ya haɗu da madauki.

Ragamar ita ce abin da ya fi gamsar da ni. An yi ta da fatar saniya jimar ɓawon itace, irin wadda ake ɗaukar makonni ana yi, ba jimar sinadarin kurom da ake gamawa cikin kwana ɗaya ko biyu ba, sannan an ɗura mata kitse da kaki da zafinsu har suka ratsa cikinta. Wannan ɗurin shi ne ya bambanta fatar kayan doki da fatar jaka ko takalmi, domin shi ke sa gumin doki da ruwan sama su kasa cinye ta da wuri. Idan aka lanƙwasa ta, launinta yakan ɗan yi haske a wurin lanƙwasar saboda kitsen ya matsa gefe, ya kuma dawo idan aka murza da yatsa, kuma wannan gwaji ne mai sauƙi da kowane mai saye zai iya yi a gaban mai shago. Badukun ba shi ne ke jima ba. Kamar sauran abokan sana'arsa, yana sayen fata ne daga majemun masana'antu, kuma sunaye biyu da dukawan Amurka suka fi ambata su ne Wickett & Craig da ke garin Curwensville a nan Pensilvaniya, da Hermann Oak da ke St. Louis tun 1881. Gwanintarsa tana cikin zaɓen wurin da zai yanka. Madaukan da ke ɗaukar nauyi ya fitar da su ne daga gadon bayan fatar, inda ta fi tauri kuma ba ta cika miƙewa ba, ya bar ɓangaren ciki mai laushi ga abubuwan da ba a dogara da su. Ya ninka fatar biyu a kumatu da saman kai, ɗinkin ya tafi a layi ɗaya ba tare da tsallake ba, ya zauna cikin ɗan kwarin da aka zana masa domin kada gogayya ta cinye zaren, an kuma goge gefuna har suka yi santsi. Zobban na tagulla ne zalla, ba ƙarfen da aka shafa wa ruwan tagulla ba, abin da maganaɗisu ke tabbatarwa nan take, tun da ba ya kama tagulla.

Bel ɗin ma daga irin wannan fata aka yanko shi, falle ɗaya mai kauri, ba siraran fatu da aka manne da gam ba, kuma an ɗaure kansa da ƙananan kusoshi masu kwancewa yadda za a iya canza shi. Da farko yana da tauri har yana damun ƙugu, sai ya yi makonni kafin ya bi jiki. Abin lura a nan shi ne mazan Amish ba sa ɗaura bel, igiyoyin kafaɗa ne ke riƙe musu wando, don haka bel da walat da jakunkunan da ke rataye kusa da ƙofa duk domin baƙi aka yi su. Sun fito daga hannu ɗaya da fata ɗaya, amma ba su ne zuciyar sana'ar ba, kuma ana ganin haka a walat ɗin, wadda ɗinkinta yake da ƙarfi amma fasalinta ya yi kauri fiye da abin da aljihu ke so.

Ɗanyar fata wani abu ne dabam. Ita ba a jeme ta ba sam. Ana jiƙa ƙirgin cikin ruwan farar ƙasa ko ruwan toka har gashin ya saki, a kankare shi tare da ragowar nama da kitse, a ɗauraye sosai, sannan a miƙe shi a kan firam a bar shi ya bushe a inuwa. Idan ya bushe yakan yi tauri kamar ƙaho, haske kuma yana ɗan ratsa shi. Mai son tsirkiya sai ya yanko faifai daga ƙirgin, ya ɗan jiƙa shi da ruwa, ya bi gefensa da wuƙa yana zagayawa har tsakiya, ta yadda faifai guda zai ba da igiya mai tsawon gaske ba tare da ƙulli ba. Sirrin amfaninta ɗaya ne: tana laushi idan ta jiƙe, tana kuma tsukewa da ƙarfi idan ta bushe, ta riƙe siffar abin da aka naɗa ta a kai. Duk wanda ya taɓa riƙe tandun kwalli ko na man shanu ya san wannan hali, domin shi ma ɗanyar fata ce aka lulluɓa a kan yumɓu tana jiƙe, ta bushe ta ɗauki siffarsa, aka fasa yumɓun aka zubar.

A cikin kayan ɗanyar fatar da na saya, tsirkiya da guduma su ne na gidan. Tsirkiyar badukun da kansa yake yin ta a lokacin sanyi, lokacin da ake yanka shanu a gidaje domin ajiyar nama, ƙirgi kuma yake samuwa a hannun maƙwabta. Yana amfani da ita a aikinsa, wajen haɗa bakin bel ɗin injuna da ɗaure ƙotar kayan aiki, kuma ya ce manoma suna sayenta domin gyaran gaggawa da ɗaure abin da ba a so ya motsa. Faɗinta ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, an rage kaurinta daidai, an kuma share gefunanta yadda ba za su yanki hannu ba. Ba ta wari, wanda shi ne alamar farko ta ƙirgin da aka kankare da kyau aka busar kafin ya fara ruɓa. Na naɗa ta a ƙotar wani gatari da ta fara tsagewa, bayan ta kwana cikin tsumma mai ɗanshi, kuma da ta bushe ta kama itacen kamun da waya ba za ta yi ba. Gudumar kuwa ɗanyar fata ce aka naɗe tam kamar tabarma aka soka mata ƙota. Amfaninta shi ne tana bugun kan abin huda fata ko kurfi ba tare da ta lalata shi ba, kuma maƙeran azurfa ma suna son irinta saboda ba ta barin tabo a kan ƙarfe mai laushi. Waɗannan biyu ba su da ado ko kaɗan, amma aikinsu ya cika.

Bulalar ce ta kasa. Saƙar tsirkiya takwas ce, kuma daga nesa tana da kyau, amma da na riƙe ta a haske sai na ga tsirkiyoyin ba su yi kauri ɗaya ba, saƙar ta karkace a wuri biyu, ƙullin da ke kan mariƙin kuma bai zauna daram ba. Da na tambaya, mai shagon bai ɓoye ba, ya ce ba shi ya saƙa ta ba, wani ne ke kawowa yana ajiye masa. Wannan ya dace da tarihin sana'ar. Saƙar ɗanyar fata mai kyau, irin ta igiyar kama shanu da takunkumin horar da doki, gadon makiyayan Meziko da Kalifoniya da Ajantina ne, waɗanda suka yi kiwo a busassun filaye inda ɗanyar fata ke daɗewa. Mutanen Amish sun fito ne daga al'adar noma da keken doki ta tsakiyar Turai, suka zauna a jihohi masu ruwa da laima, kuma abin da suka gada shi ne yanka da ɗinkin fata mai kitse. Ana iya samun ɗaiɗaikun masu saƙa a cikinsu, amma sunan al'ummar kaɗai ba shaida ba ce a wannan fanni. Wanda yake son saƙa ta gaske ya ƙirga tsirkiyoyin, ya bi layin saƙar da ido ya ga ko ya tafi miƙe, ya kuma tambayi wanda ya yi ta.

Ragamar da bulalar duk sun tafi gida, wurin yayana da ke kiwon dawakin hawan salla, don haka an gwada su a yanayin da ba domin shi aka yi su ba. Ragamar ta wuce hunturu lafiya, sai dai ta nemi a riƙa shafa mata mai fiye da yadda badukun ya faɗa, saboda busasshiyar iska da ƙura suna shanye kitsen da sauri. Girmanta kuma ya ɗan fi ƙarfin dawakinmu, domin an auna ta ne da dawakin Standardbred, waɗanda 'yan Amish ke saye bayan sun bar tseren keke, kuma kansu ya fi na namu tsawo, sai da aka ƙara huda biyu. Bulalar ta ji daɗin rani, ta yi tauri ta miƙe, amma da damina ta sauka sai ta yi laushi, ta fara fumfuna, ɓeraye kuma suka same ta a inda aka rataye ta. Wannan ba laifin mai saƙa ba ne kaɗai, halin ɗanyar fata ne, wadda a wurin ɓera da kare abinci ce. Tana son a shafe ta da kitse mai tsabta ko kakin zuma sama-sama, kada a jiƙa ta da mai mai ruwa, a kuma ajiye ta a busasshen wuri da haƙori ba ya kaiwa.

Akwai abubuwa biyu da mai saye daga cikinmu zai so ya sani. Na farko, kayan doki da bel na fatar saniya ne, amma wasu masu yin walat da safar hannu a Amurka suna yin shafi da fatar alade, don haka a tambaya, kuma za a sami amsa ta gaskiya. Na biyu, ɗanyar fata ba ta bi ta jima ba, hukuncinta a fiƙihu ba ɗaya yake da na jemammiya ba, wanda abin ya dama sai ya nemi fatawar malaminsa kafin ya saya. Jami'an kan iyaka ma sukan fi sa ido a kan fatar da ba a jeme ba saboda cututtukan dabbobi.

Wani abin da zai ba baƙo mamaki shi ne rabin kayan da ke rataye a shagon ba fata ba ne. Madaukai ne na zaren roba da aka lulluɓe da wata robar, waɗanda aka fi sani da sunan BioThane, kuma 'yan Amish da yawa su suke saye domin kekunansu na yau da kullum, saboda ba su da nauyi, ba sa bukatar mai, ana kuma wanke su da ruwa kawai. Fatar ta fi tafiya ne wurin masu baje kolin dawaki da baƙi irinmu. Badukun yana ɗinka duka biyun da kulawa ɗaya, kuma da na ce masa kayan za su je ƙasa mai zafi da ƙura, shi da kansa ya nuna mini na robar a matsayin wanda ya fi sauƙin riƙo. Na zaɓi fata duk da haka, domin tana gyaruwa a hannun kowane baduku, tana kuma tsinkewa idan doki ya maƙale ya yi fizga mai ƙarfi, alhali ta roba takan riƙe har ta ji masa rauni.

Ta fuskar hulɗa, sai mai saye ya bi tsarinsu. Babu shafin intanet, wayar tarho kuma tana cikin wata 'yar rumfa a bakin hanya, sai a bar saƙo a jira a kira. Ana biya da tsabar kuɗi ko cak, ba a karɓar kati. Farashi a rubuce yake, kuma ba a taya kaya, sai dai idan an sayi da yawa mai shagon yakan rage da kansa. Kuɗin bel ɗin bai kai abin da ake biya a manyan kantunan birni domin bel mai suna wanda bai kai shi kauri ba, ragamar kuwa ta ninka ta kanti mai araha, kuma ta cancanci hakan. Aikin da aka ba da awo yakan ɗauki makonni, ya fi daɗewa a farkon bazara lokacin da manoma ke kawo gyara kafin huɗa, domin maƙwabci mai jiran shiga gona yana gaban baƙo a layi. Ban da Lahadi, ana rufe shagon a ranakun ibada irin su Jumma'ar da ke gaban Ista, da ranar tunawa da hawan Almasihu sama, da 26 ga Disamba, kuma a watan Nuwamba, lokacin bukukuwan aure, ana iya tarar da ƙofa a rufe ranar Talata ko Alhamis. Ba sa son a ɗauki hoton fuskarsu, amma mai shagon bai hana ni ɗaukar hoton kaya da injuna ba bayan na nemi izini. Yana magana da Ingilishi sarai, ko da yake da 'ya'yansa Jamusancin Pensilvaniya yake yi.

'Ya'yan nan su ne ma'aikatan shagon. Karatun boko a wurinsu yana tsayawa ne a aji takwas, abin da Kotun Ƙolin Amurka ta amince musu da shi a shari'ar Wisconsin da Yoder ta 1972, daga nan yaro ya shiga koyon sana'a a gaban mahaifinsa. Tun daga shekarun 1970, da ƙasar noma ta yi tsada a Lancaster, iyalai da yawa suka koma ga ƙananan sana'o'in gida irin su kafinta da ƙira da dukanci, domin uba ya ci gaba da aiki kusa da iyalinsa. Saurayin da ya huda mini bel bai kai shekara ashirin ba, kuma ya auna ƙuguna da tsohon bel ɗina maimakon ya tambaye ni lambar wando, wanda shi ne daidai.

Shagunan 'yan yawon buɗe ido da ke kan titi mai lamba 340 suna cike da kayan fata masu ɗauke da tambarin aikin Amish, kuma wannan tambari ba wata hukuma ce ke tantance shi ba. Wasu kayan na gaske ne an ƙara musu riba, wasu kuwa babu mai iya faɗin inda aka yi su. Shagon da ke cikin gona, mai warin kitse da tarin tsofaffin kayan doki masu jiran gyara a bayan ƙofa, ya fi zama abin dogaro. Mai neman araha kuma yana iya jiran gwanjon da ake yi a ƙarshen hunturu domin tallafa wa 'yan kwana-kwana na sa-kai, kamar na Gordonville da ake yi a watan Maris, inda ake sayar da kayan doki sababbi da na hannu, sai dai a can babu mayarwa, kuma mai saye ne zai lanƙwasa fatar da kansa ya duba tsagewa. Wanda zai ba da aikin ragama ko kan linzami domin dokin gida, ya tafi da awo uku a rubuce da inci, wato zagayen hanci, da tsawo daga gefen baki ta bayan kunnuwa zuwa ɗaya gefen, da zagayen maƙogwaro, ya kuma roƙi a bar masa ƙarin huda ta ɓangaren matsewa.